Garin da Aka Daina Zuwa Zance da Dare

A ƙauyen su mahaifiyata, can yammacin Katsina inda gonaki suke ƙarewa dajin Rugu ya fara, yanzu da rana tsaka ake zance. Saurayi zai taso daga gona bayan azahar, ya ɗauraye ƙafa a bakin rijiya, ya zo ya tsaya a gindin bedin ƙofar gidan su yarinya, kowa na kallonsa. Ba tocila, ba turare, ba yaron da za a danƙa wa naira hamsin ya shiga ya ce ana sallama da wance. Kafin la'asar sakaliya ya kama hanya, don duk wanda magariba ta riska tsakanin gari da gari ya sayi abin da ya fi ƙarfinsa a hannun ɓarayin daji. Gwaggona ce ta ba ni labarin, tana faɗa tana dariya. Ta ce, "'Yar nan, soyayyar yanzu ba ta da sirri. Ga uban yarinya a zaure yana ɗaura ƙotar galma, ga kaji, ga rana. Me za a faɗa?"

Na daɗe ina juya maganar nan. Shekara da shekaru nake jin labarin yankinmu a rediyo: an kashe kaza, an kwashe kaza, an nemi miliyan kaza. Duk cikinsu babu wanda ya nuna min girman abin da ya same mu kamar saurayin nan da ke tsaye a rana yana lalubar abin faɗa a gaban surukinsa. Ban ji shi a bakin ɗan jarida ba, kuma ban yi mamaki ba, ba aikinsa ba ne. Abin da ya ci min rai shi ne ban karanta shi a littafi ba.

Ni ma'abociyar littattafan Hausa ce tun ina aji biyu a sakandare, lokacin da ake karɓo haya a shagon unguwa a cusa cikin littafin lissafi. Na ga zamanin da ake kiransu adabin kasuwar Kano ana taɓe baki, na ga shekarar 2007 da aka tara wasu aka cinna musu wuta a Kano da sunan gyaran tarbiyya, na kuma ga yadda suka tsallake duk wannan suka koma cikin waya. Yau marubuciya na zaune a ɗakinta a Gusau ko Funtuwa ko Maraɗi tana sakin labari shafi-shafi a WhatsApp, mata na biyan 'yan kuɗi suna jira, wadda ba ta iya karatu ba ta saurara a YouTube ko a rediyo. Babu wani rubutu a ƙasar Hausa da yake da mabiya kamar wannan. To amma a buɗe goma daga ciki a ga inda labarin yake faruwa. Gidan bene a Maitama. Jarumi likita ne ko babban soja ko ɗan gidan sarauta, miskili, sai a shafi na tamanin zai yi murmushi. Amarci a Dubai. Ƙauye kuwa wurin ɗauko 'yar aiki ne, fara mai dogon gashi, wadda daga baya za a gano ashe 'yar wani attajiri ce da ta ɓata tana jaririya. Da zarar ta shiga mota an ja ƙofa, ƙauyen ya mutu a labarin.

Ƙauyen gaske kuwa mutuwa yake yi a zahiri, kuma ba jiya ya fara ba. A watan Afrilun 2014 da aka sace 'yan mata 276 a Chibok duniya ta ɗauka, a cikin watan nan ne aka kashe mutum fiye da ɗari a 'Yargaladima ta ƙasar Maru a Zamfara, kuma in ba mutanen yankin ba wa ke tunawa? Daga nan sai abin ya zama kamar jerin gwano. Manoman shinkafa na Zabarmari a Nuwambar 2020, 'yan makarantar Ƙanƙara sama da 300 a watan da ya biyo baya, 'yan mata 279 na Jangebe a Fabrairun 2021, masu Maulidin Tudun Biri da jirgin sojan ƙasarsu ya hallaka a Disambar 2023. Waɗannan su ne waɗanda suka samu suna. Tsakaninsu akwai ƙauyuka ɗaruruwa da suka tashi ba wanda ya ji, mutanensu suna kwance a azuzuwan firamare da gidajen da ba a gama ginawa ba, wasu sun tsallaka jihar Maraɗi, wasu Difa, wasu sansanin Minawao a Kamaru. Yarinyar da aka haifa a 2009, shekarar da rikicin Maiduguri ya ɓarke, yau ta kai munzalin da ake tsayawa da ita a ƙofar gida. Ba ta san wata duniya ba sai wannan. A cikinta ta fara ganin wanda ya kwanta mata a rai, a cikinta za a ɗaura mata aure.

Shi ya sa nake cewa labarin wannan zamani na soyayya ne, ko da kuwa maganar za ta yi wa wasu banbaraƙwai. Na san za a ce, ana binne mutane kina zancen saurayi da budurwa? Duk wanda ya zauna a ƙauye ya san aure ba abin mutum biyu ba ne. Shi ne igiyar da ta ɗaure gari da gari. 'Yar wannan gari tana aure a wancan, ranar kasuwa ake haɗuwa, suna da biki da ta'aziyya su ne suka fitar da hanyoyin ƙafa da ke ratsa gonaki. In kana son ka ga abin da bindiga ta yi wa mutane, bi wannan igiya ka ga inda ta tsinke. Sān da saurayi ya shekara yana turkewa don sadaki shi ɓarawo ke fara kwancewa. Gonar gado da za a yi masa ɗaki a gefenta an sayar an biya kuɗin fansar wansa. Kwanuka da katifar da uwa ta yi shekara biyar tana tarawa da kuɗin ƙuli sun tafi a rana ɗaya. Biki babu kalangu, don kiɗa yana sanar da daji cewa an taru kuma akwai 'yan kuɗi a gari. Amaryar da a da sai dare ya raba ake kai ta da waƙa da guɗa, yanzu da hantsi ake ɗora ta a babur, kuma sau nawa muka ji an tare motar 'yan kai amarya an shige da su daji? Akwai uban da ya aurar da 'yarsa da wuri ga wanda ba ta so, ba don kwaɗayi ba, don dai mutumin a birni yake kuma zai fitar da ita daga gari kafin wani kacalla, wato shugaban ɓarayin daji, ya aiko neman ta. Ka zage shi a shafi na farko in ka ga dama, amma in kai marubuci ne na ƙwarai, kafin shafi na hamsin za ka rasa bakin zaginsa.

A watan Satumbar 2021 an katse layukan waya a Zamfara da ƙananan hukumomi 13 na Katsina, aka rufe kasuwannin dabbobi, aka hana sayar da fetur a jarka, aka toshe hanyar Jibiya zuwa Gurbin Ɓaure. Masana tsaro sun yi ta musu kan ko matakin ya yi amfani. Ni abin da na sani shi ne mutane sun koma rubuta wasiƙa suna bai wa direba, na bakin iyaka kuma suna hawa tudu suna farautar layin Nijar. Wata budurwa tana can ta yi wata biyu ba ta san ko wanda ya kawo kuɗin gaisuwarta yana raye ba, ta je ta tsuguna gaban ɗan makarantar da zai rubuta mata wasiƙa, tana jin kunyar faɗa masa abin da take son ya rubuta. In wannan bai isa babi ba, ban san abin da ya isa ba.

Amma inda na fi tsayawa shi ne kan matar da mijinta ya ɓace. Ƙungiyar Red Cross ta ƙasa da ƙasa tana da sunayen mutum fiye da 20,000 da danginsu ke nema a Najeriya, akasarinsu daga arewa maso gabas. A Borno har wasu mata da suka gudo daga ƙasar Bama suka haɗa kansu da sunan Knifar suna neman a fito musu da mazajensu da aka tsare. Kowane suna a wannan jeri akwai wani ɗaki a bayansa da mace ke kwana ba ta san sunan halin da take ciki ba. Ba matar aure ba ce da za ta ɗora tukunya ta jira sallama, ba bazawara ba ce, ba mai takaba ba ce. A mazhabar Malikiyya da kotunanmu ke bi, matar mafƙudi, wato wanda ya ɓace ba a san rayuwarsa ko mutuwarsa ba, tana kai ƙara gaban alƙali, a bincika, a yanka mata shekara huɗu, sannan ta yi iddar wata huɗu da kwana goma. In babu abin da za a ciyar da ita daga dukiyarsa, tana da hanyar neman a raba auren kafin haka. A takarda ke nan. A ƙauye kuwa wa zai raka ta kotu? Uwar mijin na tsakar gida kullum tana cewa ɗanta na nan tafe, ta yi mafarkinsa jiya. Ranar da matar ta buɗe baki ta ce alƙali, ranar ta kashe shi a idon uwarsa. Ga ƙanin mijin da ke nome gonar yana kawo hatsi, mutane sun fara magana. Ga 'ya'ya uku. Sai a ce ta daure ta bi shari'a, ta yi wani auren, ta haihu, sai wata rana da yamma wani ramammen mutum mai furfura ya yi sallama a zaure. Wannan ba ƙirƙira ba ce, yana faruwa. Mun cika littattafai da rikicin kishiya kan wa za a saya wa mota, ga kuma rikicin da malamai da alƙalai da zukata duk suke rawa a gabansa, mun bar shi a ƙasa.

Haka ma wadda aka sako bayan wata shida ta dawo da ciki. Ranar da ta dawo ana kuka ana hamdala. Bayan sati biyu fa? Wa ke cin abincin da ta dafa, wa ke zama kusa da ita a gidan suna, wane suna ake kiran ɗan da shi a bayan idonta? Akwai mazan da suka juya baya, akwai kuma waɗanda suka yanka ragon suna da hannunsu suka ce duk mai magana ya zo ya same su. Irin wannan namiji shi ne jarumin da nake son in karanta, ba mai sanƙarar da kai a bayan mota yana amsa gaisuwa da ido ba.

Ba wai rubutun Hausa bai san wannan hanya ba. Cikin littattafan farko da gasar rubuta ƙagaggun labaran Hausa ta 1933 ta haifar akwai Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, kuma me ke cikinsa in ba yaron da aka sace ba, da uwar da ta ratsa sahara tana nemansa? Sunan garinsu a labarin ma Kagara, irin sunan garin da aka kwashe 'yan makaranta a jihar Neja a 2021. Da BBC Hausa ta fara gasar Hikayata ta mata a 2016, labarin da ya zo na ɗaya a kan zaman sansanin 'yan gudun hijira yake. Akwai masu rubutawa, ina yi musu jinjina. Sai dai yawancinsu gajerun labarai ne na gasa, a karanta a raba kyauta a tashi. Dogon labarin da mata ke kwana suna bi, wanda ake cacar baki a kansa a gidan biki, shi ne har yanzu bai taka ƙauye ba.

Na taɓa faɗin wannan ra'ayi a gida, kuma na sha amsar da har yau ban gama haɗiye ta ba. 'Yar kawuna tana zaune wurinmu tun da garinsu ya tashi. Kullum in ta gama aiki sai ta sa waya a kunne tana sauraren irin labaran nan na gidan bene. Na ce mata, "Ke da kika ga abin da kika gani, me kike ji a labarin masu kuɗin Abuja?" Ta cire abin kunnen ta dube ni. Ta ce, "Yaya, abin da na gudo na bari shi zan kuma kunnawa a kunnena? Ke da ba ki taɓa kwana a gonar dawa ba ke kike marmarinsa." Na yi shiru, don ta fi ni gaskiya. Wanda wuta ta ƙona ba ya son ganin toka. Tana da haƙƙin ta tsere zuwa Dubai na awa ɗaya, kuma marubuciyar da ta ba ta wannan awa ta yi mata abin da gwamnati ba ta yi ba. Ba na neman a daina rubuta gidan bene.

Amma da na sake tunani sai na ga ba ita ce mai buƙatar littafin ba tun farko. Mu ne. Mu na birni da muke kiransu 'yan gudun hijira kamar sunan ƙabila, muke miƙa musu ragowar tuwo ta saman ƙofa, muke rage musu kuɗin wankau don mun san ba su da zaɓi. Matar da ke bara a bakin danja da goyo, shekara uku baya tana da rumbu biyu da tumaki da ɗakin da aka jere da kwanuka har sama, baƙo ba ya kwana da yunwa a gidanta. Adadi ba ya sa ka ga wannan. Labari ne ke sa ka kwana a ɗakinta kafin a ƙone shi, ta yadda gobe in ka gan ta a titi za ka ji kunyar ɗaga gilashi. Sannan akwai 'ya'yanta da za su tashi a birni ba su san yadda ake gaɗa a farin wata ba, ba su san gayya ba, ba su san sunan fadamar da kakansu ya noma ba. In ba a rubuta ba, da gwaggona da tsararrakinta za a binne shi.

Akwai tsoro, kuma ba na raina shi. Marubuciyar da ke zaune a Zurmi ko Sabon Birni ba ɗaya take da mai zaune a Kano ba. A yankin da Sarkin Gobir na Gatawa da rawaninsa ya rasu a hannun masu garkuwa a 2024, wa zai ce wa 'yar talaka ta yi jarumta da alƙalami? Infoma ba baƙo ba ne, wani lokaci maƙwabci ne. Sai dai ƙagaggen labari yana da rigar da rahoto ba shi da ita. Ba ya buƙatar sunan gari na gaske ko sunan kacalla na gaske, marubutanmu kuma da yawansu dama da laƙabi suke rubutu. Iyayenmu ma da Gizo da Ƙoƙi suka riƙa faɗa wa sarakuna magana.

Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne a rubuta a ɓata. Na fara ganin alamarsa: labarin da ɗan bindiga ne jarumi, kyakkyawa, mai tsare gida, ya sace yarinya, ta tsane shi, sannu a hankali ta narke, a ƙarshe ya tuba albarkacin sonta. Miskilin Maitama ne dai aka cire masa kwat aka rataya masa bindiga. Wanda ya rubuta wannan bai taɓa zama da wadda aka sako ba, da ya zauna da hannunsa ba zai iya ba. Ba ina cewa kada a shiga zuciyar ɗan bindiga ba. A shiga, dole ma. Yaro ne ɗan shekara goma sha biyar da aka kore shanun ubansa, aka kashe wansa a kasuwa don kawai kamanninsa, babu makaranta babu asibiti babu alƙalin da zai saurare shi, wani ya ba shi ƙwaya da bindiga. A nuna yadda ya zama abin da ya zama, a kuma nuna abin da ya aikata ba tare da an shafa masa hoda ba. Gwaggona tana da ƙawa Bafulatana da ta shekara ashirin tana kawo mata nono, tare suka yi goyon 'ya'yansu, har ta sa wa 'yarta sunan Gwaggo. Wata rana 'yan sa-kai suka shiga rugarsu, tun daga nan ba a sake ganin ƙwaryarta a gari ba. Gwaggo ta rasa ɗa a hannun ɓarayin daji, amma har yau in ta dama fura sai ta ambaci matar nan. Littafin da ya mai da kowane Bafulatani shaiɗan ƙarya ya yi wa Gwaggo, kuma fetur ya ƙara a wutar da ke cin mu.

Sai kalmar da na fara shakka a kanta: haƙuri, ko juriya kamar yadda masu taron bita suke son cewa. Duk babban da ya je jaje sai ya yaba wa mutane kan haƙurinsu, ya ajiye buhunan shinkafa, a ɗauki hoto, jiniya ta mai da shi gida kafin la'asar. An mai da yabon haƙurin talaka hanyar sallamarsa. Ina tsoron marubuci ya bi wannan sawu, ya kawo mana baiwar Allah mai sunkuyar da kai, ana kashewa tana cewa komai ya yi farko zai yi ƙarshe, har wani alhaji ya taso daga Abuja ya aure ta. Mutanen da na sani ba haka suke ba. Juriyarsu tana da haƙora. Dattawan gari ne ke zama a zaure suna kasafta harajin da daji ya aza kafin a bari a yi girbi, gida kaza buhu kaza, suna tsine wa wanda za su kai wa suna kuma ƙirgawa, don in ba a kai ba yunwa ce. Mata ne ke haƙa rami a bayan ɗaki su binne gero. Uwa ce ke koya wa ɗan shekara huɗu yadda zai yi shiru a cikin karan dawa. Akwai fushi a ciki, akwai dabara, akwai abin kunya da mutum ba zai so a tuna masa ba, har da wanda ya sayar wa daji burodi da fetur don ya ciyar da gidansa. Akwai kuma dariya, wadda ita ce ba a taɓa sawa a rahoto. Mutanen da suka kwana a kan bishiya da safe suna tsokanar wanda ya gudu ya bar wandonsa. Marubucin da bai ji wannan dariya ba bai isa garin ba tukuna.

Kuma isa garin ba wuya, don garin ne ya taso ya same mu. Yana Anka, yana Gusau, yana bayan tashar mota a Katsina, yana ɗakin baƙi na gidajenmu. Abin da ake buƙata tabarma ce da kunne, da sanin cewa labarin na mai shi ne, sai ya ba ka.

'Yar kawuna ba ta ba ni nata ba sai da ta shekara a gidanmu. Muna gyaran zogale ta fara, ba tare da na tambaya ba. An ɗauke saurayinta a gona shi da wansa, saura wata ɗaya biki. Sān sadaki da gonar tudu da sabon babur suka fanso shi. Wan bai dawo ba. Shi kuma ya dawo ba ya magana, barci ma a zaune yake yi. Da garin ya watse ya aiko wa kawu cewa ya janye, ba shi da abin da zai riƙe 'yar mutane da shi, a ba ta wanda ya fi shi. Ta ce da ta ji, sai ta nemi direban da ke zuwa wajensu ta ba shi saƙo na baki: a gaya masa ba sān ta ce tana so ba. Na tambaye ta me ya ce. Ta ce bai ce komai ba, bayan sati uku dai aka ce mata an gan shi a Katsina yana tura kurar ruwa.

Yanzu yana zuwa zance ƙofar gidanmu ranar Juma'a da Lahadi. Ita tana soya awara a bakin ƙofa tana jefa ribar a asusu, shi yana zaune a kan benci nesa kaɗan, yawanci ita ke magana. Unguwarmu akwai fitilar titi, akwai masu shayi har sha biyun dare, samarin wasu gidajen sai bayan isha'i suke fara zuwa. Shi ƙarfe biyu yake zuwa. Ranar nan na fito na tarar yana ta ɗaga kai yana duban rana, ya fara lalubar takalmi. Na ce, "Haba ƙanena, nan fa birni ne. Zauna ka yi magariba, a zubo maka tuwo." Ya yi ɗan murmushi, ya ce, "Na sani, Yaya. Ƙafar ce ba ta yarda ba." Ta ƙulle masa awara a leda, ya karɓa, ya bi lungu da sauri, inuwar katanga ba ta ko kai tsakiyar hanya ba.